Furofesa da Babur ɗin Mai Wasiƙa

Akwai wani makanike da ake kira Furofesa. Ba wanda ya ba shi sunan nan. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da manyan baƙaƙe a allon garejinsa, har mutane suka gaji suka bi.

Garejin dai ba laifi. Ƙasa farin tayil, gaba gilashi, ga kujerun jira masu laushi, ga wata kwamfuta da yake jona wa babura 'yan yayi ta faɗa masa abin da ke damunsu. Farar riga yake sawa da safar hannu, don a cewarsa baƙin mai ba ya taɓa fatar mai ilimi. In ka kawo masa gyara, kafin ya dubi babur ɗinka sai ya dubi takalminka.

Sauran makanikai ba su da suna a bakinsa sai "'yan gindin bishiya". In ya faɗa kuwa sai ya yatsine fuska kamar ya taka kashin kaji.

Abin da ba ya son a sani shi ne, shi ma a gindin bishiyar ya tashi. Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, shi ya ɗauke shi yana ɗan shekara tara bayan rasuwar ubansa, ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya koya masa riƙon sifana. Har yanzu Kawu yana ƙarshen layin da garejin yake, cikin wata rumfar kwano da ta karkace, ido ya fara rauni, gemu ya yi fari fat. Furofesa in zai wuce ta wurin a mota sai ya ɗaga gilashi ya kama latsa waya. In aka tambaye shi inda ya koyi aiki, sai ya ce, "Kwas na yi."

Wata safiya wata likita ta zo da motar ɗaukar kaya, aka sauko da wani tsohon babur. Tsatsa ta cinye salansa, tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun yi sheƙa a ƙarƙashin kujera. Irin baburan nan ne na da, waɗanda injinsu ke shan fetur haɗe da man inji, suna tafe suna fitar da shuɗin hayaƙi.

Furofesa ya zagaya shi yana toshe hanci. A ransa ya ce, wannan ai kayan masu sayen ƙarafuna ne.

Likita ta ce, "Na mahaifina ne. Shekara talatin yana raba wasiƙu a kansa. Yanzu idonsa ya tafi, mantuwa kuma ta kama shi, wani lokaci ni kaina sai na faɗa masa ko ni wace ce. Amma kullum da safe sai ya ce a tayar masa da babur zai makara. Ba na tsammanin kwanansa da yawa a gaba. Ina so ya sake jin ƙararsa."

Ta ƙara da cewa, "Ba ƙyalli nake nema ba, malam. Ƙarar nake so, yadda ya santa."

Furofesa bai ji rabin maganar ba. Tunaninsa ya riga ya tafi kan hoton da zai ɗauka: ga babur a ruɓe, ga shi kuma yana sheƙi, mabiyansa na shafin sada zumunta suna tafa masa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, injin nan bai fi na markaɗe wahala ba. Mako uku ki zo ki ga abin mamaki."

Ya fara aiki. Kwamfutarsa ya fara jawowa, ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga inda zai jona ta ba. Ya yi tsaki ya ture ta. Ya wanke kafireto, ya sa sabon fulogi, ya cika ɗan tankin man inji da ke gefe. Da ya buga kik injin ya tashi, ya bar shi ya yi 'yan daƙiƙu ya kashe. Shi ke nan, a wurinsa an gama da inji.

Sauran kwanakin duk a fenti suka tafi. Ya kankare tanki, ya fesa ja mai ɗaukar ido, ya goge kowace waya ta ƙafa har tana walƙiya. Kowane mataki sai ya ɗauki bidiyo yana bayani da Turancin da shi kansa ba ya gane ƙarshensa.

Ana cikin haka, ranar wata Laraba, Kawu ya zo wucewa ya hango babur ɗin ta gilashi. Ya tsaya cak. Shekara huɗu rabonsa da taka garejin, amma ya kasa wucewa. Ya yi sallama ya shigo, silifas ɗinsa yana barin sawu a kan farin tayil.

Akwai masu jiran gyara su uku a kujera. Furofesa ya haɗe rai.

Ya ce, "Baba, lafiya? Me ake nema?"

Baba ya ce masa, irin wanda ake ce wa kowane tsoho a hanya. Kawu ya ji, bai nuna ba. Ya durƙusa gefen babur, ya danna kik da hannu a hankali yana kasa kunne, ya zura yatsa a bakin salansa ya shinshina.

Ya ce, "Ka tayar da shi?"

"Tun yaushe."

"Ya yi hayaƙi?"

Furofesa ya yi murmushin raini. "Ko ɗigo. Ai aikin ke nan."

Kawu ya girgiza kai. "To akwai matsala, ɗana. Wannan ba irin naka ba ne. In ba ya hayaƙi, mai ba ya kai wa fistan. Ɗan famfon da ke tura man ya mutu da zama. Ka kwance shi ka duba, ko ka haɗa masa man cikin fetur da hannunka. In ba haka ba, da ya yi zafi zai buga."

Furofesa ya juya wajen masu jira ya yi dariya. "Kun ji ko? Wai in zuba baƙin mai a fetur. Irin haka suke kashe wa mutane ababen hawa, a ce ƙaddara ce. Baba, ga tankin mai nan a cike, ko idon ne bai gani ba? Zamanin shinshina salansa ya wuce."

Ɗaya daga cikin masu jiran ya tambaya, "Wane ne wannan?"

Furofesa ya ce, "Wani tsoho ne ɗan layinmu. Haka yake shiga ko'ina."

Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya dubi ɗan ƙanwarsa na ɗan lokaci, ya ce, "Allah ya taimaka." Ya fita. Ko bakin titi bai kai ba ya jiyo Furofesa yana kiran mai shara ta zo ta goge sawun.

Ranar kai babur, Furofesa ya sa sabuwar farar riga. Ya isa gidan Likita da hantsi, ya kafa wayarsa a kan sanda, ya buɗe bidiyo kai tsaye don kowa ya gani. Aka turo tsohon mai wasiƙa a keken marasa lafiya, an rufa masa bargo a ƙafa. 'Ya'ya da jikoki suka tsaya a baranda.

Furofesa ya yaye zanen da ya lulluɓe babur, aka yi ta yabo. Ya buga kik, inji ya tashi.

Tsoho ya ɗago kai. Ya juya kunne, ya buɗe hanci yana shaƙar iska. Sannu a hankali murnar da ta fara bayyana a fuskarsa ta ɓace.

Ya ce, "Ina ƙamshin? Ban ji hayaƙi ba."

Furofesa ya ɗaga murya don waya ta ɗauka. "Na raba shi da hayaƙi, Baba. Aikin zamani ke nan."

Tsoho ya ce, "Kashe shi. Ƙishirwa yake ji. Yaro, kashe shi."

Mutumin da ke manta sunan 'yarsa ya gane abin da Furofesa ya kasa ganewa da idonsa biyu. Amma ina. Furofesa ya ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ya haye babur, ya murɗa totur har ƙarshe, ya shiga zagaya farfajiyar gidan yana ɗaga wa waya hannu. Zagaye ɗaya, biyu, biyar, takwas. Ƙarar ta koma siririya kamar kukan ƙarfe a bakin zarto.

Sai ƙas. Tayar baya ta ƙame, babur ya ja ƙasa, Furofesa ya wuntsila cikin fulawowi da farar rigarsa.

 Wari irin na ƙonannen ƙarfe ya tashi.

Tsoho ya ce a hankali, "Ya kashe shi." Hawaye suka gangaro masa. "Ku mai da ni ciki."

Furofesa ya tashi yana kakkaɓe ƙasa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ranki ya daɗe, kin san tsohon ƙarfe. Dama ya gama kwanansa."

Likita ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da shi yake yi wa mutane. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Shekara ashirin yana ajiye bai mutu ba, sai da ya shiga hannunka. Ka kashe wayar can, har yanzu tana ɗauka. Sannan ka ɗauke shi. Ko ka dawo da shi yana numfashi, ko kar in sake ganinka."

Da Furofesa ya kwance injin a gareji, ya tarar fistan ya narke ya manne da bangon ramin da yake kai kawo a ciki. Ya shiga kasuwar kayan gyara rumfa rumfa. Duk sun ga bidiyon, don kafin ya goge an riga an yaɗa. Wani mai shago ya ce, "A'a, Furofesa, kai ne da kanka? Ya ƙugun?" Wani ya ce, "Wannan fistan rabon da a shigo da shi tun ba a haife ka ba. Ka tambayi kwamfuta mana." Na ƙarshe ya tausaya masa ya ce, "In akwai shi a garin nan, yana wurin tsohon nan na ƙarshen layinku. Shi ba ya yar da komai."

Kwana biyu Furofesa yana kai kawo a cikin garejinsa. A rana ta uku ya ajiye mota nesa, ya bi ta bayan shaguna, ya ɓullo rumfar Kawu yana waige-waige.

Ya ce, "Kawu, ina wuni."

Kawu yana gyaran birkin wani babur, bai ɗago ba. "Lafiya. Yau ni Kawu ne?"

Furofesa ya ce, "Ya buga."

"Na ji labari."

 Kawu bai ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ya gama ɗaure birkin, ya goge hannu, ya shiga lungun rumfa ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara. A ciki akwai fistan sabo fil da ringinsa, naɗe a tsumma mai maiƙo.

Ya ce, "Ba don kai zan yi ba. Na ji an ce mai babur ɗin ya yi kuka. Kawo shi nan."

Furofesa ya matso ya rage murya. "Kawu, da dai a garejina za a yi. Akwai ɗakin baya, ba wanda zai gani."

Kawu ya dube shi. "Ni ban taɓa yin aikin da nake ɓoyewa ba. Nan za a yi, kuma kai za ka wanke kaya."

Haka aka yi. Kwana huɗu Furofesa yana tsugune a bakin titi gaban kwanon fetur, ba safar hannu, yana wanke ƙusoshi da tsohon buroshin haƙori. Masu baburan haya in sun zo wucewa sai su rage gudu su ce, "Sannu da aiki, Furofesa. Yau lacca a waje ake yi?" Shi kuwa sai ya ƙara sunkuyar da kai yana zaginsu a zuci.

Kawu ya kai bulon injin wurin masu gogewa aka gyara bangon, ya raba injin gida biyu, ya sauya robobin da suka bushe. Ya kwance ɗan famfon man nan, ya jiƙa shi, ya busa, ya tsokane shi da siririyar waya har mai ya fara ɗiga. Ido ba ya gani sosai, don haka yatsunsa ke yi masa gani. Da ya zo ɗaure tiyon fetur, bai sa kilif ba. Ya ɗauki 'yar waya ya naɗa sau uku, ya murɗe ta da filaya a hannun hagu, don shi bahago ne.

Furofesa yana kallon duk wannan, amma ba koyo yake yi ba. Abin da ke ransa shi ne yadda zai wanke sunansa.

Da aka gama, Kawu ya buga kik sau biyu. Inji ya tashi da wata ƙara mai daɗi, tin-tin-tin, shuɗin hayaƙi ya cika rumfa. Kawu ya saurara, ya ɗan taɓa wani sukuru, ya gyaɗa kai.

Furofesa ya ce, "Kawu, ka gaji. Ka huta, ni zan kai musu."

Kawu ya gane sarai. Ya ce, "To. Ka gaishe su."

A gidan Likita, wannan karon ba waya a kan sanda. Aka sake turo tsoho, ya rame fiye da da. Furofesa ya tayar da babur ya bar shi yana aiki a hankali. Hayaƙi ya bi iska ya isa hancin tsoho.

Fuskar nan ta washe. Ya miƙa hannu biyu, aka matso da keken har ya kama kan babur. Ya murɗa totur kaɗan, ya saki, ya sake murɗawa, yana dariya ba sauti. Ya kira 'yarsa da sunan da yake kiranta tana ƙarama, ya ce ta ɗauko masa jakar wasiƙu. Likita ta juya baya tana share ido.

Can tsoho ya ce, "Wa ya gyara?"

Furofesa ya gyara tsayuwa. "Ni ne, Baba. Kwana huɗu ban huta ba."

 Hannun tsoho yana ta yawo a jikin babur, daga tanki zuwa ƙasa, kamar mai shafa kan jika. Sai yatsunsa suka tsaya a kan wayar da ke ɗaure da tiyon fetur. Ya shafa ta, ya sake shafawa.

Ya ce, "Ƙarya kake yi, yaro. Naɗi uku, murɗin hagu. Wannan ɗaurin Bahago ne. Duk tsawon aikina shi ke duba min babur ɗin nan, ba na bari wani ya taɓa. Bahago yana raye?"

Likita ta juyo. "Wane ne Bahago?"

Furofesa ya ce, "Wani tsoho ne dai. Ya ɗan riƙa min wasu abubuwa."

Ta ce, "Faɗa wa direba inda yake."

Ba a jima ba mota ta dawo da Kawu, da rigarsa mai maiƙo da silifas ɗinsa. Likita da kanta ta buɗe masa ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi. Kawu ya hango mutumin da ke cikin keke, ya tsaya.

Ya ce, "Mai Wasiƙa? Ashe naka ne. Fentin nan ne ya ɓatar min da shi."

Tsoho ya ce, "Bahago, har yanzu kana saka mai da yawa. Ka ji hayaƙi kamar an ƙona bola."

"Kai kuma har yanzu kana murɗa totur kamar an biyo ka."

Suka riƙe hannun juna suna dariya irin ta tsofaffi, mai haɗe da tari. Aka kawo wa Kawu kujera kusa da shi. Ba wanda ya ce wa Furofesa ya zauna. Ya tsaya riƙe da babur a rana, gumi yana bin farar riga.

Likita ta nuna shi da baki ta ce wa Kawu, "Baba, wannan ya ce kai wani tsoho ne da ya ɗan riƙa masa abubuwa. Yaya kuke da shi?"

Furofesa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya jira a tona shi, tun daga ranar da aka kawo shi maraya har zuwa ranar da ya sa aka goge sawu.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. A hannuna ya tashi." Ya dubi jan tankin nan yana sheƙi. "Kar ku ga laifinsa da yawa. Fentin nan shi ya yi. Ya iya fenti."

Da zuciya ɗaya Kawu ya faɗa, don ya rufa masa asiri. Amma jikokin da ke baranda suka ƙyalƙyale da dariya, direba ma ya juya kai yana danne tasa.

Mai Wasiƙa ya ƙara kwana goma sha tara a duniya. Kowace safiya mota tana ɗauko Kawu ya tayar masa da babur, su yi hira, har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Maganar fenti kuwa direba ne ya fitar da ita, ta zagaye gari. Masu babura suka fara wuce garejin gilashi suna yin layi a rumfar kwano. Wanda ya tsaya wurin Furofesa, to tankinsa ne ya kwarzane.

Kwanan baya wani ya tsaya a ƙofar garejin, ko sauka bai yi ba, ya ce, "Mai Fenti yana ciki?"

Furofesa ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi kujerun jira, ba kowa a kai. Mutumin ya fara juya babur zai tafi.

Sai ya taso da sauri ya ce, "Ga ni. Wane launi kake so?"

Darasi: Kar ka raina hannun da ya koya maka aiki don ka sami tayil da farar riga. Mai girman kai ba ya jin gargaɗi, kuma ɓarnarsa ba a kansa kaɗai take tsayawa ba, har wanda bai ji ba bai gani ba tana sa shi kuka. In kana da wani kawu, ko malami, ko maigida da kake kunyar a gan ka da shi, je ka gaishe shi yau tun da ƙafarka, kafin buƙata ta kai ka da rarrafe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai labarin nan, wataƙila akwai wanda yake buƙatar jinsa.